Masu harkar zoɓo da riɗi na fita waje, ku zo mu faɗi abin da ya same mu

Ɗan Dawanau: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai shekarar da Meziko ta dakatar da karɓar zoɓon Najeriya saboda ƙwarin da suka ce sun gani a kwantena, wlh har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na tara kaya cike da sito da kuɗin mutane, kamfanin da ke saye a hannuna ya ce in dakata, dakatawar nan har launin zoɓon ya fara dushewa, ƙarshe a tiya na riƙa sayar wa masu zoɓon sha. Ƙasar da ban taɓa takawa ba ita ta karya ni. Wa irin haka ta taɓa samu?

Manomin Riɗi, Jigawa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Mu namu kullum ne. Da kaka dillali zai zo da sikelinsa ya ce ai kasuwar Japan da Turkiyya ta sauka, kai ba ka da hanyar sanin gaskiya ne ko a'a, ga bashin taki a wuyanka, dole ka bayar, bayan wata uku ka ji buhu ya tashi a Maigatari lokacin ba ka da ko mudu ɗaya. Takin ma tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 bai sake dawowa inda muka san shi ba. Abin da ya fi ci min rai, riɗinmu ɗanye yake fita, a can ake matse mai a zuba a kwalba, aikin da yaranmu za su yi kenan da injinan suna nan.

Maman Tsinta: Alhaji ku kun yi asarar jari, mu abinci muka rasa. Mu mata kusan talatin muke tsince zoɓo a sito ɗaya, a biya mu kullum da yamma, da shi nake cefane. Rana ɗaya aka ce babu lodi, aka sa kwaɗo. Ba wanda ya yi mana bayani sai daga baya na ji wai daga wata ƙasa ne.

Direban Tirela: Gsky Hajiya haka ne. Na taɓa ɗaukar riɗi daga Kano, na yi sati biyu a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ina kwana a mota, jirgin ya tafi ya bar mu, kuma duk kuɗin jiran nan daga farashin manomi ake zare shi a lodi na gaba.

Tsohon Ɗan Wake: Yarana kar mu ɗora komai a kan na waje. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari, kuma da idona na sha ganin ana kwarara magani cikin buhu ba awo. Tun lokacin na koma buhu mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ba na sa magani sam.

Ɗan Dawanau: Baba wannan buhun yana yi wa zoɓo kuwa? Bana na sake saye kaɗan, ina so in gwada.