Taƙaitawar shawarwari kan zaɓen cibiyar share fagen JAMB a Kano

Ga abin da na tattara daga doguwar tattaunawar da aka yi kan cibiyar da ta dace iyaye su kai yaransu.

1. Kusan kowa ya amince cewa cibiyar da ba ta da kwamfutoci ba ta cancanci kuɗin iyaye ba, domin a kan kwamfuta ake rubuta UTME, wato jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, tambayoyi 180 cikin awa 2, kuma ɗalibin da hannunsa bai saba da linzamin kwamfuta ba yakan ruɗe ko da ya sha karatu. An ba da shawarar uba ya je da ƙafarsa ya ƙirga na'urorin da ke aiki, ya kuma tambayi ko akwai janareta ko sola.

2. A tabbatar malamai suna bin manhajar karatu ta JAMB, musamman a Turanci, wanda dole ne ga kowa kuma yake ɗauke da tambayoyi 60.

3. Ra'ayi ya rabu kan darasin intanet. Wasu sun ce ya fi sauƙi ga mazauna Hotoro ko Rijiyar Zaki saboda tsadar kuɗin Adaidaita, wasu kuwa suka ce yaro da waya ba tare da mai sa ido ba a TikTok zai ƙare. Ni ma nan na fi karkata.

4. Duk cibiyar da ta yi alkawarin maki 300 ko "taimako" ranar jarrabawa, an haɗu a kan a guje ta.