Ba "muhimmanci" ba ne, mu ce "ya wuce arashi"

Jama'a, akwai kalmar da ta tsaya mini a rai, ina neman mu daidaita a kanta.

Shekaranjiya a nan Jos ina duba aikin wata ɗalibata. Ta tattaro bayanan manoman dankalin turawa daga Bokkos da Mangu, ta zuba a kwamfuta ta fitar da bishiyar yanke shawara. Na ce ta yi mini bayani da Hausa. Sai ta ɗora bakin biro a kan wani reshe ta ce, "Malam, wannan yana da muhimmanci." Abin da Bature ke kira siginifikans a ilimin ƙididdiga take nufi. Haka kusan kowa ke fassara shi, ni kuwa ban gamsu ba.

Ga yadda bishiyar take. Duk gonakin suna gindi. Sai a yi tambaya guda, a ce wa ya yi feshi wa bai yi ba, a raba su gida biyu, a duba inda ciwon ganye ya fi kamawa. Kowane reshe ya sake rabuwa har a kai ganye. To in ka sakar mata mara ba ta gajiya da tsagewa, sai ta ware maka gonaki uku ta ce ta gano sirri.

Maganin wannan ne Gordon Kass na Afirka ta Kudu ya kawo a 1980 da hanyar CHAID. Kafin ta tsaga reshe sai ta yi gwajin kai-sukwaya, wanda Karl Pearson ya fitar tun 1900. Tambayar gwajin guda ce: da a ce feshi ba shi da wata alaƙa da ciwon, sau nawa bambanci mai girman wannan zai fito haka kawai? In bai kai 5 cikin 100 ba, ma'aunin da Ronald Fisher ya yaɗa tun 1925, sai a tsaga.

To ina muhimmanci a nan? In bayanai suka yi yawa ainun, bambancin da bai taka kara ya karya ba zai ci gwajin. In kuma gonaki goma sha biyu kacal gare ka, bambancin da zai iya cinye wa manomi jarinsa yana iya faɗuwa. Ranar da malamin gona ya ji an ce "ba shi da muhimmanci", ce wa manomi zai yi ya bar feshi. Abin da nake tsoro ke nan.

A madadin "muhimmanci", wata 'yar'uwa ta kawo "dace", wani ya ce "sa'a". Duka biyun alheri suke nuni, kamar yadda "tsautsayi" ke nuni da sharri. Arashi kuwa ba ruwansa, faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama. Don haka nake cewa: gwajin arashi, sakamakon da ya ci kuma a ce ya wuce arashi.

Wani dattijo malamin lissafi, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce me zai hana "gwajin kore arashi". Ranka ya daɗe, "kore" ta yi ƙarfi. Gwajin ba ya korar arashi, musamman a bishiya. A ce tambayoyi 20 ne marasa alaƙa da juna, kuma babu wadda ta shafi ciwon. In aka gwada kowace a ma'aunin 5 cikin 100, yiwuwar aƙalla ɗaya ta ci ta kai kusan 64 cikin 100. Irin wannan matsala ce ta sa CHAID ke tsaurara ma'aunin da gyaran Bonferroni, wato gwargwadon yawan gwaje-gwaje, gwargwadon tsananin ma'auni. Wata hanyar mai suna CART ta su Leo Breiman, ta 1984, ba ta ma bin wannan hanya: barin bishiyar take ta yi girma sannan a datse rassa. Ko "wuce" ɗin ma sai mun riƙa tuna wa ɗalibai ma'auni aka wuce, ba tabbas aka samu ba.

Ɗalibar ta soke "muhimmanci" a wuri huɗu ta rubuta "ya wuce arashi". Sai ta nuna lambar da ake kira p, wadda gwajin ke fitarwa a gwada ta da ma'aunin 5 cikin 100, ta ce, "Malam, wannan fa?" Na so in ce "awon arashi", amma ina gudun a ɗauka ita ce yiwuwar sakamakon arashi ne, alhali ba haka take nufi ba. Malamai, me za mu kira ta?