Taimakon ƴan gudun hijira a cikin gari, ta ina ake bi?

Ɗan Marwa:
Salam jama'a, ƙanwar babata ta gudo daga wajen Kolofata da yara saboda Boko Haram, yanzu suna garin Mora nan arewacin Kamaru a ɗaki ɗaya, tabarma biyu da tukunya ne kayansu kaf. Wai in kai su sansanin ƴan gudun hijira na Minawao ko yaya?

Inna Talatu:
A'a ɗana, Minawao ta ƴan Najeriya ce da suka tsallako, tun 2013 aka buɗe ta kusa da Mokolo. Ita ƴar Kamaru ce, a cikin gari za ta zauna. Ta fara zuwa gun bulaman unguwa ya san da ita, ranar da masu rajista suka zo shi suke tambaya.

Mai Shayi:
Gaskiya Inna ta faɗa, amma kar ka sa rai da yawa wallahi, PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana raba abinci, wani lokacin kuɗi ta waya, sai dai mutane sun yi yawa kuma tallafin ya ragu, mu maƙwabta mu ke haɗa musu gero da ɗan sabulu kafin layi ya zo kansu.

Ɗan Marwa:
To katin ɗan ƙasanta ya ƙone fa.

Inna Talatu:
Bulama zai shaide ta. Kai dai ka fara nema wa yaran takardar haihuwa saboda makaranta.