Kwamfutar tebur tana mutuwa ta sake tashi ana tsakiyar gem: kowa ya kawo abin da ya gani

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙorafi ɗaya ne yake ta maimaituwa: kwamfuta lafiya lau idan ana rubutu ko kallon bidiyo, amma da an shiga gem mai nauyi sai allo ya yi baƙi, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Babu saƙo, babu gargaɗi. Abin da mutane suke fara yi shi ne su goge Windows su ɗora sabo, kuma da wuya hakan ya yi magani. Masu gyara da masu haɗa na'ura, don Allah kowa ya kawo abin da ya taɓa da hannunsa da yadda ake gano shi.

Mai gyara, Kano:
Wa alaikumus salam. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a fara duba abin da Windows ya rubuta. A danna dama a kan alamar Start, a buɗe Event Viewer, a shiga Windows Logs, sannan System, a nemo Kernel-Power mai lamba 41 da ya zo daidai da lokacin da ta mutu. Shi 41 ɗin ba ya faɗin ciwo, cewa kawai yake yi ba a kashe na'ura yadda ya kamata ba. Abin dubawa yana cikin Details, layin BugcheckCode.

Idan 0 ne, Windows bai samu damar rubuta komai ba, an yanke shi ne daga ƙasa. Nan hankali ya koma kan wuta da kayan ciki. Idan wata lamba ce, to shuɗin allo ne ya fito ya ɓace da sauri ba a gani ba. 278 direban katin hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa katin da yake zana hoton gem a allo, ya daina amsawa, 292 kayan ciki ne suka kai ƙarar kuskure, galibi furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin na'ura, 26 kuma ya shafi RAM, ma'ajiyar bayanan da ake aiki da su a lokacin. Don a riƙa ganin shuɗin allon, a rubuta sysdm.cpl a Run, a shiga Advanced, Startup and Recovery, a cire alamar da ke kan Automatically restart. Wannan dubawar ta minti 5 ita take raba hanya gida biyu, kuma wanda ya tsallake ta zai yi ta sayen kayan da ba ya buƙata.

Mai haɗa na'urorin gem, Abuja:
Haka yake, Oga. Kuma idan 0 ya fito, abin da nake fara zargi fawa-fak ne, wato akwatin da yake raba wa kayan ciki wuta. Dalilin da ya sa sai a gem: katin hoto a zaune bai cika wuce wat 15 zuwa 30 ba, amma da an shiga gem RTX 3060 yana jan wat 170, RX 580 wat 185, RTX 3080 wat 320. Wannan matsakaici ne. A cikin ƙiftawar ido katin yana iya fizgar kusan ninkin haka sannan ya sauka. Idan layin 12V ya faɗi ƙasa da ƙa'ida a wannan lokacin, fawa-fak yana janye siginar da yake aika wa madabod, babban faifan da ake dasa dukkan kayan ciki a kansa, ta waya mai launin toka cewa wuta ta daidaita, madabod kuma nan take ya sake tayar da na'ura. Idan kuma kariyar fawa-fak ɗin ce ta kama, sau da yawa kwamfutar ba ta tashi sai an kashe makunnin baya an jira an sake kunnawa. Wanda ya ga wannan alamar ya daina wahalar da Windows.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo: a sa manhajar saita katin hoto MSI Afterburner, a ja Power Limit zuwa kashi 70, a kuma ƙayyade firem ɗin gem ɗin, wato hotunan da yake nunawa a sakan ɗaya, a 60. Idan mutuwar ta tsaya ko ta yi nisa sosai, wuta ce ba ta isa. A ɗaya ɓangaren, a yi gwajin Power na manhajar OCCT, wanda yake ɗora wa furosesa da katin hoto nauyi lokaci guda. Fawa-fak mai rauni sau da yawa ba ya daɗewa a kansa.

A daina kallon babban adadin da aka buga a kwali. A karanta takardar da ke jikin fawa-fak ɗin, a nemo amfiya nawa layin 12V yake bayarwa, a ninka da 12. Akwai masu rubutun 600W da layinsu na 12V amfiya 25 ne kacal, wato wat 300, alhali daga wannan layin furosesa da katin hoto suke sha.

Ɗalibi, Zariya:
Yallaɓai, tawa kwamfutar ofis ce ta hannu, na ƙara mata katin hoto. Fawa-fak ɗinta ba shi da waya mai fin 6 da ake ba katin wuta da ita, sai mai shago ya haɗa mini da ta SATA, wato wayar wutar diski. Ko wannan zai iya jawo matsalar?

Mai haɗa na'urorin gem, Abuja:
Ƙanena, cire wannan haɗin yau, kada ka jira gobe. Bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12V, fin 6 kuwa wat 75 ne, fin 8 wat 150. An ɗora wa jaki kayan raƙumi. Sake tashi ƙaramar matsala ce a nan, robar bakin tana iya narkewa ta kama wuta. Irin waɗannan kwamfutocin ofis ɗin fawa-fak ɗinsu yakan tsaya tsakanin wat 180 zuwa 300, kuma da yawa bakinsu na musamman ne, ba a musanya su da na kasuwa kai tsaye. Katin da ya dace da su shi ne wanda ramin madabod kaɗai yake ciyarwa, wato wat 75 zuwa ƙasa, kamar GTX 1650 marar bakin wuta ko RX 6400.

Masu manyan katuna su ma su duba. Idan kati yana da baki biyu masu fin 8, a jawo masa waya biyu daban daga fawa-fak, kada a yi amfani da guda ɗaya mai reshe. A danna kowane baki har maƙallinsa ya kama, musamman sabon bakin nan mai fin 16 na katunan RTX 40, wanda idan bai shiga duka ba yake ƙonewa. Sannan wayoyin fawa-fak masu cirewa ba a aron su daga wani samfuri. Bakin zai shiga daidai, amma tsarin wayoyin ciki daban ne, kuma hakan yana kashe diski da madabod.

Mai aikin sola da inbata, Kaduna:
Malamai, ku ƙara da abin da ke bayan soket, don a wajenmu fawa-fak mai lafiya ma yana faɗuwa. Ƙa'idar wutarmu 230V ce, amma da yamma idan unguwa ta ɗauki lodi mita takan nuna 170 ko ƙasa da haka. Fawa-fak mai kyau an rubuta masa 100 zuwa 240V, zai jure. Mai araha 200 zuwa 240V ne, da wuta ta yi ƙasa ana cikin gem zai saki.

Fawa-fak yana iya riƙe na'ura na kimanin milisakan 16 idan wuta ta ɗauke yana cikin cikakken lodi, wanda kafasitocinsa suka tsufa kuma bai kai haka ba. A yawancin inbatocin sola na haɗaka akwai zaɓi biyu na shigowar wuta, APL da UPS. APL yana ɗaukar kusan milisakan 20 kafin ya juya zuwa batir, UPS kusan 10. Fanka da talabijin ba sa jin wannan tazarar, kwamfutar da ke cikin gem tana ji. A mayar da shi UPS. Sitabilaiza mai rile, wanda ake jin yana ƙas-ƙas, shi ma duk juyawar da ya yi yana ɗan katse wuta.

Ƙaramin UPS, akwatin batir mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, na 650VA da ake sayarwa ko'ina ba wat 650 ba ne, wajen 360 zuwa 390 yake ɗauka, kuma idan batirinsa na 12V 7Ah ya sha zafi ya gaji ko hakan ba ya yi. Kwamfutar gem da allonta sun cika shi. A nemi 1500VA mai kusan wat 900, wanda wutarsa take fita da tsabtataccen zubi irin na NEPA, domin wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da mai zubin tsani. Sauran abubuwa: a raba kwamfuta da layin firji, famfon ruwa da dutsen guga, kuma a jefar da istenshan mai siririyar waya da bakinsa ya saki. Idan an lura mutuwar tana zuwa ne lokacin da injin firji ya tashi ko aka juya zuwa janareta, ba sai an buɗe akwatin kwamfuta ba. A BIOS kuma, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, akwai Restore on AC Power Loss. Idan yana kan Power On, duk ɗan ɗaukewar wuta zai yi kama da kwamfuta ce ta sake tashi don kanta.

Mai shagon buga gem, Sakkwato:
Ni dai abin da na fi gani zafi ne da ƙura. Bayan hunturu, tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya yakan toshe da ƙura har iska ba ta wucewa, sai ga watan Afrilu ɗaki ya kai digiri 40. A sa manhajar duba zafi HWiNFO64, a kunna adana bayanai zuwa fayil, a buga gem har ta mutu, sannan a duba layukan ƙarshe. Iyakar yawancin furosesan Intel digiri 100 ne, Ryzen 5 5600X 95. A katin hoto a dubi Hot Spot, wato wurin da ya fi zafi, ba zafin gaba ɗaya kawai ba. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta haura digiri 25 ko 30, man sanyayar ya bushe ko ƙarfen bai zauna daidai ba. A busa da bulowa ana riƙe da fanka da yatsa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta, a goge tsohon mai da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya.

Mai gyara, Kano:
Alhaji, tsaftar wajibi ce, amma ban yarda zafin furosesa ne kan gaba ba. Furosesa da katin hoto na yanzu idan sun yi zafi rage gudu suke fara yi, gem ya riƙa sarƙewa, idan abin ya ƙi sai na'ura ta mutu ɗungurungum. Sake tashi farat ɗaya ba tare da sarƙewa ba ya fi kama da wuta. Inda zancenka ya yi ƙarfi shi ne zafi yana rage wa fawa-fak ƙarfi. Masu araha a digiri 25 ko 30 aka auna su, masu kyau a 40 ko 50. Shi ya sa na'urar da ta yi Disamba lafiya take fara faɗuwa a bazara. A duba ragar da ke ƙasan akwati inda fankar fawa-fak take shan iska, kuma kada a ajiye shi a kan kafet. Kada kuma wanda ba aikinsa ba ya buɗe fawa-fak, babban kafasitan ciki yana riƙe kusan 400V ko bayan an zare waya.

Malama mai koyar da gyaran kwamfuta, Jos:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗauki ɗaya hanyar, inda lambar ba 0 ba ce. A shiga BIOS a kashe saitin da yake ƙara wa RAM gudu, wato XMP, ko EXPO a kan sabbin AMD. RAM na DDR4 da aka rubuta wa 3200 zai koma 2133 ko 2400. A yi kwana biyu ana gem a haka. Idan ta daina mutuwa, RAM ɗin ne ba ya jure gudun, kuma an fi samun haka idan an haɗa sanduna daga kamfanoni daban ko an cika ramuka huɗu. Sanda biyu a ramin A2 da B2 ake sa su a yawancin madabod, wato na biyu da na huɗu daga furosesa. A gwada da manhajar gwajin RAM MemTest86 daga filashi, zagaye 4. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Daga nan a gwada sanda ɗaya-ɗaya, a goge zinaren bakinta da magogin fensir.

Idan 278 ne, a cire direban katin hoto da manhajar DDU a Safe Mode na Windows, a ɗora sabo tsaf. Katin da aka sayo na hannu, musamman RX 580 da suka yi aikin haƙar kirifto, wasu an sauya musu BIOS, sai an mayar da na asali suke natsuwa.

Masu Ryzen su nemi WHEA-Logger lamba 18 a Event Viewer. Yana iya zuwa tare da BugcheckCode 0, sai a ɗauka fawa-fak ne, alhali an matse Curve Optimizer, saitin rage wa furosesa wuta a BIOS, ne fiye da kima. Alamarsa ita ce na'urar takan faɗi lokacin fita daga gem ko tana zaune ba lodi. A mayar da BIOS kan saitin asali. Masu Core i7 da i9 na zubi na 13 da 14 kuma su sabunta BIOS: a 2024 Intel ta tabbatar da matsalar wutar da ta yi wa waɗannan furosesan yawa, ta fitar da gyaran 0x129 sannan 0x12B, ta kuma ƙara garanti shekara 2. Gyaran yana hana lalacewa ci gaba, amma furosesan da ya riga ya taɓu sai musanya.

Mai gyara, Kano:
Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake mantawa. Maɓallin reset na gaban akwati yana iya maƙalewa ko wayarsa ta goge, a zare bakin RESET SW daga madabod a gani. Sai katin hoto mai nauyi da ya lanƙwasa a raminsa, a cire shi a sake dasawa a tallafe ƙarshensa.

Mai haɗa na'urorin gem, Abuja:
Ga wanda alamu suka kai shi ga fawa-fak: mita za ta nuna maka 12V tsakanin waya rawaya da baƙa, kuma ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6 ana cikin gem. Idan ya sauka ƙasa, an kama shi. Idan bai sauka ba, ba a wanke shi ba, domin mita ba ta ganin faɗuwar da ba ta kai milisakan ɗaya ba. Tabbaci shi ne a ari wani mai ƙarfi da aka san lafiyarsa, da nasa wayoyin, a buga gem ɗin da yake kashe ta, a daidai wurin da take mutuwa. Kada a taɓa RAM ko direba a ranar, don a san abin da ya yi aiki. Idan za a saya, RTX 3060 wat 550 ake so, RTX 3080 wat 750, kuma a fifita mai tambarin ATX 3.0 ko 3.1, wanda aka ƙera don ya jure fizgar katunan yanzu. A tabbatar takardar jikinsa ta ce 100 zuwa 240V kafin a biya kuɗi.