Ina ake jin jaruman Sikotlan suna magana da bakinsu na gida?

Basakkwace a Dundee:

Assalamu alaikum jama'a. Watana biyar ke nan a Dundee ta Sikotlan ina karatun digiri na biyu, har yau Turancin mutanen garin nan bai gama zama a kunnena ba. A aji da sauƙi, malamai suna sassautawa. Amma akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, kullum sai ta tsaya a bakin ƙofa mun gaisa, rabin zancenta kawai nake tsinta. Abin yana damuna, don mutuniyar kirki ce, ba na son ta ɗauka ba na sauraronta.

Sai na ce bari in nemi finafinansu ko kunnena zai saba. A nan na sha mamaki. Ashe James McAvoy ɗan Glasgow ne, Gerard Butler ɗan Paisley, Ewan McGregor a Crieff ya tashi, Karen Gillan kuma 'yar Inverness. Tun ina Sakkwato nake kallonsu, ban taɓa kawowa ba Amurkawa ko Ingilishi ba ne. Me ya sa suke ajiye karin harshensu in sun shiga fim? Na kuma ji wai McAvoy ya yi fim a kan wasu samarin Dundee. Mene ne labarinsa, kuma waɗanne zan nema in ji su da bakinsu na ainihi?

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da sanyi. Shekarata goma sha huɗu a Glasgow, abin da kake ciki duk mun bi ta nan.

Maganar kasuwa ce. Duk Sikotlan mutum miliyan biyar da rabi ne ko kusa da haka, kuɗin fim kuwa daga Landan da Amurka yake fitowa, masu kuɗin kuma tsoronsu kada mai kallo ya kasa gane magana. Da za a kai Trainspotting Amurka a 1996, sai da aka sake naɗar muryoyin farkon fim ɗin aka sassauta su. Martin Compston yaron Greenock ne, ƙwallo yake bugawa a ƙungiyar Morton lokacin da darakta Ken Loach ya ɗauke shi a Sweet Sixteen a 2002, bai taɓa fim ba. A can bakinsa na gida ne tsantsa. Amma da ya shahara a Line of Duty, da bakin Landan ya yi, har Ingilishi da yawa ba su san daga nan yake ba sai da suka ji shi a hira.

Fim ɗin McAvoy kuwa amsar tambayarka ce gaba ɗaya. Sunansa California Schemin', shi ne na farko da ya ba da umarni, an fara haska shi a bikin finafinai na Toronto a Satumban 2025. Labarin gaskiya ne. Wasu samari biyu masu waƙar rap, Gavin Bain da Billy Boyd, suka tashi daga Dundee suka tafi Landan gwaji, aka yi musu dariya saboda karin harshensu. Suka dawo suka koyi bakin Amurkawa, suka ce su 'yan California ne, da waƙoƙinsu da baiwarsu ba abin da ya canza, sai ga kamfanin Sony ya ba su kwantiragi. Suka yi ta rayuwa cikin wannan ƙaryar, dare da rana, har abotar ta lalace. McAvoy da ya tashi a unguwar talakawa ta Drumchapel ya san ciwon nan, shi ya sa nake ganin ba banza ya zaɓi labarin ba.

A wannan bikin aka haska na Brian Cox ma, ɗan garinku Dundee, an haife shi 1946, sai yanzu da tsufa ya fara ba da umarnin fim. Sunansa Glenrothan, shi da Alan Cumming a matsayin wa da ƙane. A kan gidan sarrafa giya na gado labarin yake, ka san da wannan kafin ka shiga. Ka riƙa duba jadawalin DCA, cibiyar fasaha ta nan Dundee, sinimarsu tana kawo irin waɗannan.

Injiniya Aberdeen:

Yaya Baban Hanifa, na yarda da rabi. Sean Connery fa? Tun daga Dr. No a 1962 har ya rasu a 2020 bai taɓa ajiye bakin Edinburgh ba, ko Barashe ya fito ko ɗan Ailan, kuma da shi ya ci Oscar. Ashe ana iyawa.

Ni abin da ya fi tsaya min shi ne wa ke da labarin. Glasgow kullum cike take da masu ɗaukar fim, amma aron gari ake yi. An mai da dandalin George Square birnin Philadelphia na Amurka a fim ɗin World War Z, an mai da tsakiyar gari New York saboda Indiana Jones a 2021, haka aka sake yi wa Spider-Man a 2025. Masu otal da direbobi da masu haɗa fitilu suna samu, ban raina ba, amma garin ba ya fitowa da sunansa. Braveheart da duniya ta san Sikotlan da shi, yawancinsa a Ailan aka ɗauka. Ko finafinan gida masu kyau na kwanan nan, Aftersun na Charlotte Wells da The Outrun da aka yi a tsibiran Orkney, manyan jarumansu Paul Mescal da Saoirse Ronan duk 'yan Ailan ne. Sun yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai suna aka bi don a samu kuɗi.

Ga kuma inda za a haska. A Oktoban 2022 ƙungiyar da ke riƙe da gidajen sinima biyu, Filmhouse na Edinburgh da Belmont na nan Aberdeen, ta durƙushe, rana ɗaya aka rufe duka biyun, bikin finafinan Edinburgh da ake yi tun 1947 ya kusa tafiya tare da su. Jama'a suka yi karo-karo, Filmhouse ya sake buɗewa a 2025. Ƙaramin fim in ba shi da irin waɗannan gidajen, ba inda zai sa kansa.

Maman Sadiq:

Malam, kada ka fara da Trainspotting, balle in da iyali kusa. Shaye-shaye ne da tsiraici.

Ka nemi Limbo na Ben Sharrock, 2020. Masu neman mafaka ne aka jibge a wani tsibiri, a Uist aka ɗauka, cikinsu har da ɗan Najeriya da ɗan Gana. Na yi kuka a wurin da suke layin wayar bakin hanya don kiran gida. Sai Girl na Adura Onashile, wadda asalinta 'yar Najeriya ce mazauniyar Glasgow, shi ya buɗe bikin finafinan Glasgow na 2023, uwa da 'yarta a dogon bene. Yarana a nan aka haife su, bakin Glasgow suke yi sak, kuma da suka ga Ncuti Gatwa a Doctor Who, na ce musu a Ruwanda aka haife shi, yana ɗan shekara biyu iyayensa suka gudo da shi a 1994, a nan Sikotlan ya tashi ya yi karatun wasan kwaikwayo, sai da Sadiq ya sa na maimaita masa. In za ka kalla, ka kunna rubutun ƙasan allo karon farko, karo na biyu ka kashe.

Basakkwace a Dundee:

Allah ya saka da alheri, Yaya, Injiniya, Hajiya. Labarin samarin nan biyu ya taɓa ni fiye da yadda na zata. A finafinanmu na gida, sau da yawa in ka ji Sakkwatanci to wurin ban dariya aka zo, jarumin soyayya kuwa Kananci zai yi. Ni kaina da na je Kano karatu na daina cewa “mi an nan” saboda dariyar abokai, sai da na girma na dawo da abina.

Na samo Sweet Sixteen, da shi zan fara daren nan yadda Hajiya ta ce. Da safe kuma zan tambayi maƙwabciyata ko ta tuna labarin yaran nan, tunda a garinta aka yi.