Idan sodar haɗa sabulu ta taɓa jiki

Da aka tattauna batun abin da za a yi idan soda ta zuba wa mutum a jiki, bakin masu haɗa sabulu ya zo ɗaya: ruwa mai yawa, nan take. In garin sodar ne ya zuba, a fara kakkaɓe shi da busasshen tsumma, a cire tufar da ta ɓaci, sannan a tara wurin a famfo aƙalla minti 20. Santsin nan da ake ji, soda ce ke narkar da maiƙon fata, don haka a ci gaba da ɗauraya.

Wasu sun ce a shafa lemun tsami ko manja. Ban goyi baya ba: tsami na ƙara ƙuna, mai kuma yana riƙe sodar a fata.

Ido kuwa, a wanke shi a buɗe, a garzaya asibiti. Wanda ya haɗiya, kada a sa shi amai, asibiti kai tsaye.