Baba yana barin sabuwar motarsa a kunne cikin garaji, ku ba ni shawara

Mai tambaya, Yamai: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata uku ke nan da yayana ya kawo wa Babanmu mota daga Kotonu, irin wadda ba a murɗa mata makulli, maɓalli kawai ake dannawa. Baba ya fi shekara 40 yana tuƙi, hannunsa ya saba da zare makulli. Yanzu makullin na aljihun rigarsa, sai ya sauko ya shige gida, a ganinsa ya gama. Kunnensa kuma ya yi nauyi, ba ya jin ƙarar gargaɗin da take yi. Sau biyu ke nan. Na biyun shi ya tayar mini da hankali: daga isha'i har sha ɗaya na dare tana aiki a garaji a rufe, ga tagar ɗakin ƙannena biyu ta buɗe cikin garajin. Suka tashi da ciwon kai da amai, muka ɗauka zazzaɓin sauro ne. Shin ana iya saita ta ta riƙa kashe kanta? Kuma ta yaya zan gaya wa Baba ba tare da ya ji kamar muna cewa ya tsufa ba?

Ma'aikaciyar jinya, Tawa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ku gode wa Allah. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai guba da likitoci ke kira CO. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu. Ciwon kai, jiri, amai da kasala su ne alamun farko, shi ya sa ake rikita ta da zazzaɓi. In mutum biyu sun tashi da ciwo iri ɗaya a ɗaki ɗaya, suka fita waje suka ji sauƙi, a yi zargin hayaƙi. Ku kai yaran asibiti ku faɗi maganar motar. Daren yau kuma kar su kwana ɗakin nan in motar na ciki.

Makanike, Wadata: Hajiya, da gangan aka ƙera ta haka. Da nisan makulli na kashe inji, ranar da batirin makullin ya mutu kina tsakiyar gadar Kennedy sai mota ta mace miki. Makulli na tayarwa ne kawai, kashewa sai da yatsa. Ba Baba kaɗai ba ne: a 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da suka rasu ta wannan hanya a Amurka tun 2006. Ford ta fara sa wa motocinta tsarin kashe kai bayan minti 30 tun 2013, Toyota kuma ta sa wa yawancin nata makamancinsa daga samfurin 2020. To mu nan yawanci tsofaffin yayi ake kawo mana, saboda haka ki duba shekarar motar da littafinta. In tana da tsarin, yana cikin saitin allon gaban direba, wani lokaci mai ita na farko ne ya kashe shi. Ko da yana nan, rabin awa a garaji rufaffe ba ƙaramin hayaƙi ba ne.

Wani ɗan uwa: Akwai masu wayarin da ke haɗa agogon da zai yanke wuta. A kai musu mana.

Makanike, Wadata: Malam, ban ba da wannan shawara ba. Na sha ganin motar da aka yanka wa waya ta koma ba ta gane makullinta. Abin da ya fi muni, ta mutu kan hanyar Doso ana gudu.

Direba: In mai haɗa fetur da lantarki ce, a ƙara kula. Tana tsaye shiru kamar an kashe, batir na raguwa sai inji ya tashi da kansa. Ido za a yi amfani da shi: giya a P, wato na ajiye mota, a danna maɓallin, a ga allo ya yi duhu, sannan a buɗe ƙofa.

Wata uwa, Yantala: Ɗiyata, zancen Baba ki bi shi a hankali. Kar ki ce ya manta. Ki ce makanike ya ce motocin nan halinsu ke nan, har yara matasa suna barin su kunne, kuma gaskiya ne. Ki sa yayanki ya faɗa masa, tunda shi ya kawo ta. Sannan duk wanda ke buɗe masa ƙofar gida ya zama aikinsa ne ya ɗora hannu kan motar ya leƙa allon kafin ya rufe garaji.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Mun duba, ta 2016 ce, babu tsarin a cikinta. An kai yaran asibiti, da sauƙi. Motar yanzu a tsakar gida take kwana ƙarƙashin runfa, gobe magini zai zo ya toshe tagar nan. Yayana zai yi wa Baba magana bayan sallar Juma'a.